Tele a Bakin Ƙofa Ranar Shara

"...da gajiyar kasuwa kuma? To madalla. Ina Hajiya Tsahara, tana nan tana haƙuri da kai?"

"Tana nan lafiya lau. Ya mutanen Tsibiri? Kyanwar nan da ke yaƙushe ku a fuska, har yau ba a kama ta ba?"

"An kama ta. Ta ce ta zo Maraɗi neman aiki, ta zagaye gari ba ta ga fuskar da ta cancanci ado ba."

Wannan gaisuwa ta gudana ne da hantsi, ranar goma ga watan Muharram, a ƙofar gidan Alhaji Barmo, Bakatsine ɗan kasuwar hatsi da ke unguwar Zariya a Maraɗi. Wadda ta sauko daga kabu-kabu da ƙunshi a ka da tsintsiya a hammata ita ce Tasalla, taubashiyarsa. Mahaifin Barmo da mahaifiyar Tasalla wa da ƙanwa ne. An kai ƙanwar aure Tsibiri, gidan wani Bagobiri, shi ya sa Tasalla ta tashi da zane a kumatu, shi kuwa Barmo ya sami abin tsokana na tsawon rai. Dukansu biyu furfura ta gama da kansu, amma ba a taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba tare da ɗaya ya kwashi kashinsa a hannu ba.

A danginsu, ɗiyar mace ce ke zuwa a wannan rana ta share ƙofar ɗan namiji, shi kuma ya biya ta shara. Akwai kuma ƙa'idar da kakanninsu suka bari, cewa duk abin da tsintsiya ta tarar a wajen ƙofa ya zama na mai shara. Da wannan ƙa'ida Tasalla ta taɓa raba Barmo da takalmansa na Juma'a, da buta, wata shekara har da zakara. Saboda haka ya saba kwashe komai tun jajibiri. Bana dai ɓacin rai ya mantar da shi. Wani ƙaton kwali yana jingine da bango a waje, kusan faɗin ƙyauren gidan.

Tasalla ta sauke ƙunshinta, ta zagaya kwalin, ta tambayi ko makarar da ya saya wa kansa ce tun da sauran kwana, don kada magada su yi masa rowa. Barmo ya ce tele ce, wato talabijin, kuma dillalin da zai kai ta kasuwa yana kan hanya.

Dalilin fitar da ita kuwa ga shi. Akwai shirin da ake nunawa kowace Asabar da yamma, gasar rawa ta waɗanda rawa ba sana'arsu ba ce. Ɗalibai da teloli da masu shayi, kowa yakan zo ya gwada ƙafarsa, alƙalai uku suna zaune, in an gama kowannensu ya ɗaga allo da maki bisa goma. Jikokin Barmo, da yake lakwal, wato makarantar boko, tana hutu, sun riƙi shirin nan fiye da yadda suka taɓa riƙon karatu. Rawar da suke kwaikwayo a tsakar gida an yi haƙuri da ita. Allunan ne suka ƙure haƙuri. Wata rana Alhaji ya yi babban baƙo, abokin cinikinsa daga Katsina, mutum mai jiki. Da ya zo zama bisa darduma sai zaman ya zo masa da gardama, ya dafa bango, ya sauka da nishi. Yana ɗaga kai sai ga jikoki uku a bakin ƙofa, Hidaya ƴar shekara takwas a tsakiya, kowa ya ɗaga allonsa na lakwal: biyu, uku, biyu. Baƙon ya nemi bayani. Hidaya ta durƙusa cikin ladabi ta yi masa shi dalla-dalla. Kafin mutumin ya ƙetare iyaka, Barmo ya tara gidansa kaf, ya ce telensa ta bar gidan nan ke nan, ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin rufinsa ba. Asabar mai zuwa kuwa ita ce zagayen ƙarshe na gasar. Tun ranar, Hidaya, wadda ta saba fizge masa hula tana kiransa tsohon miji, sai ta koma gaishe shi daga nesa kamar baƙo.

Tasalla ta saurari labarin har ƙarshe, ta ɗaure fuska, ta ce yaran sun yi zalunci, mutumin da ya kai ƙasa bai fasa darduma ba ai ya ci biyar.

"Ke dai ba a magana mai ma'ana da ke," in ji Barmo. "Baiwa ko ta tsufa baiwa ce. Yi sharar da ta kawo ki."

"Zan yi, ubangidana. Amma faɗa mani, kai nawa sunka ba ka?"

"Wa ya ce sun ba ni?"

"Barmo, tun kana yawo ba wando na san ka. Don baƙo ba ka fidda abin da ka sa kuɗinka. Nawa?"

Ya dubi titi, ya gyara hula, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Huɗu. A tafiyata ta zuwa masallaci."

"Huɗu? Ashe ɗiyan nan sun san zumunci. Tafiyar da kake yi kamar agwagwa ta haɗiye guru, ni da ɗaya zan ba ka, ita ma don darajar kawuna."

"Ke da kike tafiya kamar amalanken da ya rasa ƙafa guda?"

"Amalanke dai shi ka kawo hatsin da kake taƙama da shi."

Daga nan Barmo ya bar wasa na ɗan lokaci, ya faɗi abin da ke ransa, kuma ba maganar banza ya faɗa ba. Ya ce ya tsaya ya kalli shirin sau ɗaya daga bakin ƙofa. Ya ga wasu ƴan mata da tufafin da ko ɗaurin kai ba su isa ba, suna wata girgiza da mutum ba zai iya kallo tare da surukarsa a ɗaki guda ba. Ya ga wata yarinya ƙarama da aka fitar daga gasar ta fashe da kuka, maimakon a kawar da na'ura sai aka matso da ita har kan hancinta, ƙasa duka tana kallon majinarta. Ya ce yarinyar nan gobe za ta shiga aji, kuma abokanta ba za su manta ba. Sa'an nan ga babban abin: an koya wa yara cewa kowane mutum abin aunawa ne, har wanda ya haifi ubansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi, kuma shi ba zai zauna akwati ya tanƙwara masa jikoki ba.

Tasalla ba ta musa ba. Ta ce maganar yarinya mai kuka ita ma ta ci mata rai, kuma masu ɗaurin kai a ƙugu ba ta da abin da za ta kare su da shi. Amma ta tambaye shi ko ya ga samarin Jiratawa.

"Waɗanne samari?"

"Ka ji. Ka tsaya bakin ƙofa kamar mai bin bashi, ka ga ɓera ɗaya, ka ce a ƙone rumbu. Samarin Jiratawa, manoman lambu, su da hauyoyinsu da gangar noma. Rawar da ubanka ya yi a gayya ita suka kai gaban alƙalai, har sun kai zagayen ƙarshe. Tsibiri duk wata tsohuwa ta san sunayensu."

"Ubana bai taɓa rawa ba."

"Uwata ta ce shi ka fara shiga fage, shi ka ƙarshen fita. Kai ne dai anka yi wa gadon ciki ba a yi maka na ƙafa ba."

Ta ci gaba da cewa su ma ai sun yi dandali, kuma dandalin da can ba masallaci ba ne. Akwai mai rawar kirki, akwai mai wuce gona da iri. Abin da ya tsare su shi ne tsofaffin da ke zaune a gefe bisa tabarma suna ɓarzar gyaɗa. In yarinya ta fara zarcewa, tari ɗaya wata tsohuwa za ta yi, sai ka ga ƙugu ya koma wurinsa. Ta ce abin da ya ɓace a gidan Barmo ke nan. Ya sayo dandali sukutum ya kafa a ɗaki, ya tafi kasuwa, bai ajiye tsohuwa ko ɗaya a gefe ba.

Barmo ya ce to ita da take tsohuwa, tari za ta yi wa gilashi ya ji?

Sai ta kwance ƙunshinta ta fito da faifai, wanda gefensa ya soma cinyewa don tsufa. Ta bayyana masa yadda suke yi a Tsibiri. Ɗakinta ba kuran, wato wutar lantarki, saboda haka a gidan maƙwabciyarta ake kallo, a wata ƴar tele da ba ta fi bakin tukunya ba, yaran unguwa cike da tsakar gida. Ita ke zama daf da akwatin, faifai a cinya. Muddin rawa tana kan hanya, faifai yana kwance. Da an fara abin da bai dace ba, ko an matso da na'ura kan fuskar mai kuka, sai ta kifa faifai a kan gilashin. Kiɗa yana nan yana tashi, yara kuwa sai su miƙe su yi tasu rawar har ta ɗage. In sun tambayi dalili takan faɗa musu, in ba su tambaya ba ma takan faɗa. Yanzu har akwai waɗanda ke riga ta, su ce, Iya, faifai.

"Wannan ai aikin telekomand ne kike yi da hannu, don ƙauyanci," in ji Barmo. "Danna ɗaya, an sauya tasha."

"Sauya mana. Ka kai su labarai, su zauna suna hararar ka, suna tunanin mi anka ɓoye masu mai daɗi haka, gobe su tahi gidan maƙwabta su gani. Ni ba na kashe masu kiɗa. Faifai kuwa tun kaka da kakanni aikinsa ke nan, ya riƙe tsaba ya bar dusa ta bi iska."

"Bagobira da wa'azi. Duniya ta zo ƙarshe."

"Bakatsine da kunya a baki, rowa a aljihu. Matsa in yi aikina."

Ta sunkuya ta soma shara daga bakin zaure, a hankali, tana waƙe-waƙenta. Ta share gabas, ta share yamma. Barmo yana tsaye yana nuna mata inda ta bari, yana cewa ko shara ma sai an koya wa mutanen Tsibiri. Bai farga ba sai da ya ga ta zagaye kwalin da tsintsiya, ta miƙe, ta ɗora tsintsiyar a kansa, ta kakkaɓe hannuwa.

"Alhamdu lillahi. Bana shara ta yi albarka."

Barmo ya zabura. Ya ce wannan ba ya cikin lissafi, kaya ne na sayarwa. Ta tambaye shi ko a cikin gida yake ko a waje. Ya ce a waje. Ta tambaye shi ko zakaran waccan shekara ba na sayarwa ba ne. Ya ce zakara daban, tele daban. Ta ce in yana so a je a tambayi dattawan dangi ko ƙa'idar ta ware abin da ke da waya a gindi, ita a shirye take, sai dai ya san za a ba da labarin a kowane suna da kowane biki har jikokin Hidaya su ji.

Ya koma lallashi. Ya yi mata tayin turmin atamfa, ta ce tana da zane. Ya ƙara da buhun gero, ta ce daga gonarsu ya saye shi. Ya ce ƙofar ɗakinta ko kan telen ba zai shiga ba, kuma ba ta da kuran. Ta ce maƙwabciyarta tana da shi, kuma bango na laka ne, ana fasawa.

"Su Hidaya kuma hutu suke," ta ƙara da cewa. "Asabar in sun ji inda tele ta koma, kai ka san inda za su kwana. Daga nan har a koma lakwal suna wurina. Ka huta da allo, ka huta da hayaniya. Ka yi tafiyarka ta agwagwa ba mai auna ka."

Wannan magana ta sami Barmo inda ba ya so. A daidai lokacin kuma iska ta juya, hadarin da ya taso daga gabas tun safe ya matso ya rufe rana, masu kabu-kabu suka soma gudu suna neman rumfa. Kwali dai kwali ne, ba ya jure ruwa, dillali kuwa babu alamarsa.

Da ya sake magana, muryarsa ta sauka. Ya ce gidan ya yi masa faɗi a kwanakin nan. Ya ce jiya da gangan ya ajiye hularsa a kan tabarma kusa da Hidaya, yarinyar ta ɗauka da hannu biyu ta miƙa masa, ta ce ga hularka, Alhaji. Ya ce da ta ba shi sifiri a allo da ya fi masa sauƙi.

"To mayar da akwatin mana," in ji Tasalla.

"A gaban mata da ɗiya da jikoki na ce telena ta bar gidan nan. Magana zarar bunu ce. In na mayar da ita yau, gobe wa zai ji tawa?"

"Wa ya ce ka mayar da taka? Taka ta tahi, tsintsiya ta cinye ta. Ni ce dai nike da wata tele, ga hadari, ga ni baiwar Allah ba ni da inda zan sa ta. Ina neman wurin ajiya gidan ubangidana. Ko Katsinawa sun daina karɓar amana?"

Barmo ya dube ta, ya dubi sama, gefen bakinsa ya soma motsi.

"Ajiya da kuɗin haya take."

"Fura kowace Asabar. Ni zan kawo da kaina, in zauna in tsare kayana, kada a lalata mani su da kallon banza."

"Furar Tsibiri mai tsakuwa? Haƙora nawa suka rage mani?"

"Su za mu ƙarasa."

Ya ce ya yarda da ajiya, amma da sharaɗi biyu: ba a kunna shirin sai tana nan da faifanta, kuma allo ba ya ƙara tashi a kan baƙo. Ta ce na baƙo ta ɗauka, na mai gida kuwa ba ta da iko da shi. Sa'an nan wani tunani ya zo masa, fuskarsa ta washe irin ta wanda ya kama abokin gaba a kwana. Ya karɓi faifan daga hannunta ya kara shi a jikin kwalin. Ko rabi bai rufe ba.

"To, malamar tarbiyya. Telen maƙwabciyarki bakin tukunya ce. Wannan fa? Ki rufe kai, ƙugu yana waje. Ki rufe ƙugu, mai kuka tana waje. Dabararki ta ƙare a Tsibiri."

"Laifin wa? Wa ya ce ka sayo mai faɗin gona don a ce Alhaji ya saya?"

Ta sake sunkuyawa kan ƙunshinta, ta fito da wani faifan, sabo fil, babba, an yi masa ado da ja da kore, kabarsa ko bushewa ba ta gama yi ba. Ta miƙa masa.

"Ni gefen dama, kai gefen hagu. Hannuna biyu ne, amma ɗaya na riƙon ludayi ne."

Barmo ya juya faifan a hannunsa. Shi ɗan kasuwa ne, ya san irin wannan saƙa ba a gama ta a yini guda, ya kuma san ba a saƙa ta don kwalin da ba a san da shi ba. Ya waiga wajen zaure. Labulen ƙofar ciki ya motsa, ƙafafun matarsa Hajiya Tsahara suka ja da baya.

"Ashe taron dangi anka yi mani."

"Mu dai shara munka zo."

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwalin, na biyu a kan hancin Barmo. Ya soke faifan a hammata, ya naɗe hannayen rigarsa bisa kafaɗa, ya kama gefe ɗaya, Tasalla ta kama ɗaya. Shi ke tafiya da baya, ita tana ba shi umarni, hagu, dama, ɗaga ƙafa, kai da gidanka ba ka san dokin ƙofarka ba. Suka ratsa zaure suna haki, ya yi tuntuɓe da buta, ya yi wani tsalle da bai san yana da shi ba, ya dafe, kwalin bai taɓa ƙasa ba. Suna direwa a ɗakin baƙi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Da ya miƙe yana dafe da ƙugu, sai ga jikoki uku a jere a bakin ƙofa. Biyu sun ɓoye hannuwansu a baya. Hidaya ce kaɗai ta yi ƙarfin hali, ta ɗaga allonta a hankali har ya rufe mata rabin fuska. Bakwai.

Tasalla ta ce wannan son kai ne, rabin makin nata ne, ita ta ɗauki wajen nauyi. Barmo bai kula ta ba. Ya ɗaure fuska iyakar iyawarsa, ya dubi yarinyar.

"Ke, uwargida. Ina sauran ukun?"

"Sai ran Asabar, tsoho," in ji Hidaya daga bayan allo. "In mun ga yadda kake riƙe faifai."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda gidan bai ji ba tun ranar baƙon Katsina. Ya laluba aljihu ya fito da goro fari manya guda biyu, ya danƙa wa Tasalla, ya ce ga shararta, Allah ya isa tsakaninsa da Gobirawa. Kafin ya rufe baki hularsa ta bar kansa, ƙananan ƙafafu suka ruga da ita tsakar gida cikin ruwa.